Masu Manhajar "Saura Kaɗan"

Wanda ke son ganin samarin Arewa masu ƙirƙirar manhaja a Legas, ba sai ya wahalar da kansa zuwa Yaba, unguwar kamfanonin fasaha, ba. Ya zo Obalende bayan isha'i, ya samu benci wajen mai shayi kusa da tashar danfo, ya sa a soya masa ƙwai da burodin Agege. Nan za su riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, jaka a baya, idanu jawur saboda kallon kwamfuta da goslon gadar Third Mainland. Da rana yawancinsu aikin kamfani suke yi, amma kowa da 'yar manhajarsa ta gefe, wadda yake rantsuwa ita za ta raba shi da gidan haya. Na san su kamar yunwar cikina.

Na farko Malam Saura Kaɗan. Manhajar adashe yake haɗawa. Ya fara ta tun litar fetur ba ta kai naira 200 ba, aka zo aka cire tallafi a Mayun 2023, har yau saura kaɗan. Duk sanda sabon yaren kwamfuta ya fito, sai ya rushe ginin ya sake haƙa tushe. Kowace shekara yana biyan kuɗin sabunta sunan shafinsa, kamar mai biyan hayar shagon da bai taɓa buɗewa ba. Ita kuwa uwar adashen da ya yi wa alkawari, ta cika littafi uku da biro, kuma zubin kowa bai ɓata ba.

Na biyu Shugaba. Tun da kamfanin Stripe ya sayi kamfanin Paystack a Oktoban 2020 a kan sama da dala miliyan 200, barci ya ƙaurace masa. Yana da tambari, yana da kati mai ɗauke da muƙaminsa, yana da hoto a ƙofar cibiyar fasaha ta CcHub, inda Mark Zuckerberg ya kai ziyara a 2016, kuma yana ba da labarin ziyarar kamar shi ya riƙe masa jaka. Abu ɗaya kawai ya rasa: manhajar. Ba zai faɗa maka dabararsa ba sai ka rantse ba za ka sace ba. Ka rantse, sai ya matso kunnenka: "A latsa waya, a kawo maka ragon layya daga Agege har ƙofar gida." Zai ba ka kashi biyar cikin ɗari ka rubuta masa komai, kuma kai za ka biya kuɗin shayin.

Na uku Jemage. Wani kamfanin Amurka yake yi wa aiki daga ɗakinsa, kuma tsakanin Legas da Kalifoniya awa takwas ne ko tara, don haka hantsinsu shi ne magaribarsa. Janaretansa na kwana yana ruri, maƙwabta na kallonsa a kaikaice, suna raɗa cewa ɗan Yahu ne. Hajiyarsa a Katsina kuwa ta gaya wa dangi gyaran waya yake yi, shi ya sa duk zuwansa gida da sallah ake tara masa wayoyi masu fasasshen gilashi. Ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a Maris ɗin 2024, an gan shi yana zagaya unguwa da kwamfuta a hannu kamar mai neman ɓataccen yaro.

Na huɗu Ɗalibin Har Abada. Babu darasin YouTube da bai kalla ba. Da gwamnati ta buɗe shirin koyar da fasaha na 3MTT a 2023, yana sahun farko. Takardun shaida sun cika masa waya. Ka ce ya gyara maka shafi guda, sai ya ce bari ya ƙarasa wani kwas tukuna.

Na biyar Sarkin Ƙugiya. Shi don Allah yake yi, ba ya neman ko sisi. Yaƙinsa a kan ɓ, ɗ da ƙ ne. Ka aika masa saƙo cewa ka kai kara wajen 'yan sanda, sai ya tambaye ka na dawa ne ko na gero. Haushi yake ba mu, amma gaskiyarsa ce.

Na ƙarshe ba ya yawan magana. Ya haɗa wa kawunsa, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, wata manhaja mummuna, ba launi ba ado, tana rubuta buhu nawa ya sauka, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya. Mutum uku ke amfani da ita, amma kullum suna buɗe ta tun asuba.

Kada mai karatu ya tambayi layin da nake. Tawa manhajar shekararta huɗu, kuma wallahi saura kaɗan. Sai dai ko ni na yarda ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: a duk teburin nan, yaron albasa ne kaɗai ya gama aiki.