Kada Ki Yi Wa Obin Ɗinki Jana'iza Tukuna

Obin ɗin lantarki ba ya mutuwa a ranar banza. Yakan jira jajiberin Sallah, ko daren da aka karɓi kuɗin kek ɗin biki har an taɓa su, an fasa ƙwai kiret guda, an kwaɓa fulawa da bota, sannan a murɗa makunni a ji shiru. Kafin ki gama salati gida ya cika da masana. Maigida zai zo ya ɗaure fuska ya kai masa mari biyu a gefe, don da haka yake gyara rediyonsa tun zamanin samartaka. Maƙwabciya za ta leƙo ta ce ita dai tun ranar da aka shigo da shi ta ga irin kallon da wance ta yi masa. Ƙanin miji, wanda ya yi kimiyya a sakandare, zai girgiza kai ya ce inji ne ya buga, alhali obin ko inji ba shi da shi.

Uwargida, ki yi wa kowa godiya, ki kawo musu ruwa, amma kada ki bari a fitar da obin ɗin nan tsakar gida ya zama ma'ajiyar tukwane. Abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: waya, makunni, agogo, tamostat, fis ɗin zafi, fanka, da ƙarafan da ke yin ja idan sun ɗau wuta, waɗanda masu gyara ke kira elemen. Kowannensu ana iya auna shi da 'yar mitar nan ta masu gyaran wuta, maltimita, wadda kuɗinta bai kai na kek ɗin da ke shirin lalacewa ba. Ina so ki iya wannan awon da hannunki, domin na ga obin da yawa da aka yi wa kuɗin goro aka sayar wa 'yan gwangwan saboda abin da yaro zai iya riƙewa a tafin hannu.

Ki fara da sama wa maigida muƙami. Ki naɗa shi shugaban aiki, ki damƙa masa tocila. Wannan zai hana shi marin obin, kuma za ki buƙaci hasken da gaske.

Bincike daga bango yake farawa. Ki cire fulogin obin ki jona dutsen guga a soket ɗin. Idan shi ma ya yi shiru, obin ba shi da laifi, ki nufi akwatin bireka. Idan dutsen guga ya ɗau zafi, ki buɗe fulogin obin, irin mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya, ki duba fis ɗin da ke ciki mai amfiya 13. Fis ɗin nan iyakar kayan da zai ɗauka wat 3,000 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Babban kuka mai obin da kawuna huɗu ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ake ja masa wayarsa mai kauri daga akwati, da jan makunninsa a bango. Wanda ya jona irin wannan a wayar ƙari mai araha da ake cajin waya da ita, ya riga ya san daga ina ƙaurin roba yake fitowa.

Sai agogo. A nan ne mutane da yawa suke zubar da hawayen banza. Obin masu agogon lamba, da yawansu ba sa yarda su yi zafi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sai an sake saita musu lokaci. Ki duba: idan lambobin suna ƙyaftawa, ki saita ƙarfe nawa ne, ki tabbata kuma ba a bar shi a kan girkin da ke kunna kansa ba. Waɗanda suka ƙera shi sun yi lissafin ƙasar da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara. A unguwar da ake ɗaukewa sau biyar kafin azahar, saita agogo ya zama cikin kayan haɗin kek, tare da sukari da bakin hoda.

Akwai kuma ranar da wuta take zuwa ba ƙarfi. Ki kalli fuskar sitabilaizar firji ki ga nawa ke shigowa. Ƙa'ida bolt 230 ce a Najeriya. Idan ta sauko 180, elemen mai wat 2,000 ba zai ba ki fiye da wat 1,200 da 'yan kai ba, domin zafi yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. Kek ya yi awa biyu yana zufa bai tashi ba, a ce obin ya tsufa, alhali yunwa yake ji. Ƙaramin janareta na kunna fanka da talabijin kuwa, ki tausaya masa, kada ma ki gwada.

Idan bango ya fita daga zargi, za a buɗe obin. A nan zan ajiye raha na ɗan lokaci. Ki zare fulogi daga bango, ki ajiye shi inda idonki yake ganinsa. Idan mai waya ne kai tsaye, ki kashe jan makunnin, ki kashe birekarsa, ki gaya wa duk mutanen gidan, ki kuma taɓa wayoyin da tasta bayan kin gwada tastar a soket mai wuta kin ga tana aiki. Kada ki dogara da cewa an ɗauke wuta. Ana dawo da ita ba sallama, kuma bolt 230 yana kisa. Ki sa takalmin roba, hannu a bushe, obin kuma ya huce.

Kafin ki zare ko waya ɗaya, ki ɗauki hoto da wayarki. Ki ɗauka ta gaba, ki ɗauka ta gefe. Shugaban aiki zai ce ba sai an yi ba, shi ya haddace. Ki ce masa to, Alhaji, sannan ki ɗauka.

Yanzu ki saurari abin da obin ya riga ya faɗa miki. Idan ƙwan ciki yana kamawa, fanka tana juyawa, amma iskar sanyi take hurawa, elemen ɗin da ya zagaye fankar ne abin zargi. Idan saman kek yana ƙonewa ƙasansa ɗanye, na ƙasa ne ya tafi. Idan komai ya mutu ɗif, ba ƙwai ba fanka, ki tuhumi fis ɗin zafi ko mahaɗar wayoyi da ke baya. Idan kuma komai gawayi yake zama ko an sa shi a kan 150, tamostat ne. Ki haska elemen ɗin da tocila, ki bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya ƙone sau da yawa yakan nuna kansa: wani wuri ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi farin tabo kamar an ɗiga masa toka. Amma wani yakan mutu da kyawun fuskarsa, shi ya sa ake awo.

Ki murɗa mita zuwa om, wajen alamar nan mai kama da kofaton doki, ki zaɓi 200. Ki haɗa bakin wayoyinta biyu, ja da baƙa. Ta nuna sifili ko kusa da shi, ko ta yi ƙara. Idan ba ta yi ba, batirinta ne ya mutu, kuma mitar da ba ta da batir za ta yanke wa kowane lafiyayyen elemen hukuncin kisa.

Ki kwance sukurorin da suka riƙe elemen, ki jawo shi a hankali. Wayoyin da ke manne da ƙafafunsa suna da wata ɗabi'a: da zarar an zare su sai su zame su koma cikin rami, a bar ki da kwance bayan obin gaba ɗaya. Ki maƙale kowacce da abin shanya kafin ki sake ta. Dole ne a zare aƙalla ɗaya, in ba haka ba mita za ta zagaya ta wata hanya ta kawo miki labarin wani abin daban. Sai ki ɗora ja a ƙafa ɗaya, baƙa a ɗayar.

Lambar da ya kamata ki gani ba sai kin tambayi kowa ba, lissafi ne da ya samo asali daga dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827. Ki ninka 230 sau 230, ya ba ki 52,900, ki raba da wat ɗin da aka buga a jikin elemen. Mai wat 2,000 zai nuna wajen om 26. Mai 1,000 wajen 53. Mai 2,500 wajen 21. Bambancin biyu ko uku ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa mita ta tsaya a kan OL, ko ta nuna 1 ita kaɗai a gefen hagu, wayar ciki ta tsinke. Elemen ba a yi masa ɗori, ba a yi masa walda. Sabo za a saya.

Saura awo na biyu, wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi shafar rai. A cikin bututun elemen akwai siririyar waya ta nikel da kuromiyam, haɗin da Ba'amurke Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906, an lulluɓe ta da wani farin gari da ke barin zafi ya fita amma ya hana wuta taɓa bututun. Ki kai mita kan om mafi girma, ki ɗora baki ɗaya a ƙafar elemen, ɗayan a jikin bututun. A nan OL ake so. Idan lamba ta fito, wuta tana yoyo zuwa jikin obin, kuma ita ce take sa bireka faɗuwa da zarar an kunna, ko take ɗan jan hannun mai buɗe ƙofa. Garin nan yana shan danshi, don haka obin da ya kwana damina guda a sito ba a kunna shi ba yakan yi wannan halin. Kada ki saba da obin mai ja, kada ki koya wa yara buɗe shi da tsumma. A canza elemen, a kuma sa mai wayarin ya duba wayar ƙasa ta gidan.

Idan elemen ya fita lafiya, a juya obin a kwance bayansa. Ki shirya ganin baƙi, domin ɓera da kyankyaso suna son ɗumin wurin, kuma ɓera ba ya raina rigar waya. Ki duba mahaɗar da babbar waya take shiga: sukuru da ya saki yakan yi zafi har roba ta narke ta yi baƙi. Sai ki nemi fis ɗin zafi, ɗan ƙaramin abu mai ƙafa biyu manne da jikin ƙarfe. Lafiyayye sifili yake nunawa. Wani yana da ɗan maɓalli da ake dannawa ya dawo, wani kuma in ya tafi ya tafi. A daidai nan ne ƙanin miji zai dawo da shawara, ya ce a haɗe wayoyin biyu kawai a wuce wurin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Fis ɗin nan mai gadi ne da ya busa usur don ya ga wuta, kuma wanda ya kori mai gadi don ya samu barci, gobara ce za ta tashe shi. A sa sabo mai lambar zafi iri ɗaya, sannan a nemi dalilin da ya sa ya yanke. Sau da yawa fankar da ke sanyaya jikin obin ce ta tsaya. Ki juya ta da yatsa, idan ta cije, kin kama mai laifi.

Tamostat na murɗawa yana da sauƙin sha'ani. Obin a sanyaye, ki zare wayoyinsa, ki ɗora mita, ki murɗa shi sama. Za ki ji ƙas, mita ta koma sifili. Idan bai haɗa ba, obin ba zai taɓa zafi ba. Idan kuma a kashe ma a haɗe yake, ya manne, shi ne mai mayar da cincin gawayi. Obin mai allon lamba wata 'yar siririyar sanda ce a cikinsa take jin zafi, kuma da yawansu suna nuna wajen om 1,080 a ɗaki mai matsakaicin sanyi, amma ki duba takardar naki, don ba duka suke ɗaya ba.

Wurin tsayawa a bayyane yake. Allon lantarki mai ƙananan kaya, wayoyin da suka ƙone har cikin bango, da duk awon da sai da wuta a kunne ake yinsa, na mai gyara ne. Ki kira shi, ki gaya masa lambobin da kika samu, za ki ga ya gyara tsayuwa, kuɗin aikin ma ya gyaru. Maikurowef kuwa kada ki buɗe shi ko da wasa. Akwai abin da ke riƙe wuta ta wajen bolt 2,000 a cikinsa, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare fulogi.

Ranar sayen sabon elemen, ki tafi da tsohon a leda, da hoton takardar da ke manne a bakin ƙofar obin, da mitarki a jaka. Ko a Sabon Gari ne ko a wace kasuwa, mai shago zai ce miki duk ɗaya ne, Hajiya. Ki jera su biyu a kan teburinsa, ki duba tsawo, lanƙwasa, tazarar ƙafafu da wat. Ki duba bolt ma, domin kayan da aka yi don Amurka akwai masu 120, kuma irinsu a wutarmu haske ɗaya suke yi su tafi. Ki auna sabon a gabansa kafin kuɗi su bar hannunki.

In an mayar da komai bisa hoto, an ɗaure bayan obin, sai a kunna shi ba komai a ciki na ɗan lokaci, taga a buɗe, don sabon elemen yakan yi ɗan hayaƙi da wari a karon farko. Kafin ki ba shi amanar kek ɗin mutane, ki gwada shi da sukari, wanda yake narkewa a wajen digiri 186. Ki sa obin a 175 ya yi zafi sosai, ki ajiye cokali guda na sukari a faranti a tsakiya na minti 15. Bai kamata ya narke ba. Ki ƙara zuwa 190 ki sake, yanzu ya kamata ya narke. Idan ya narke tun a 175, obin ɗinki yana wuce lambarsa, ki riƙa ragewa. Idan a 190 ma yana nan garinsa, ki riƙa ƙarawa, ki kuma duba robar bakin ƙofa ko ta saki tana zubar da zafi.