Buhun Ƙwayayen Fitila

A Yelwan Yauri ƙwan fitila ba ya mutuwar tsufa. Sai a jima ba wuta, ranar da aka kawo ta sai ta shigo da ƙarfinta duka, yara na ihun murna a waje, ƙwai na cewa "fat!" a ɗaka. Ruwan da ke juya injinan madatsar Kainji kuwa, wadda aka kammala a 1968, ta bakin garinmu yake wucewa, kuma saboda shi aka tashi Gungawa daga tsibiransu aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Wanda ya san wannan tarihi ba ya jefa kayan lantarki a bola haka kawai. Ni tarawa nake yi, a buhun taki, a bayan randa. In uwargida ta tambayi amfaninsu sai in ce, "Ke dai zuba ido."

Da kaza na fara. Muna da wata mai ƙetarawa gidan maƙwabta ta saka ƙwai, na kuma ji an ce in ta ga abu mai kama da shi a akurki za ta zauna gida. Na ajiye mata farin ƙwai mai wat 60. Ta zauna ɗin kuwa. Ta daina saka nata gaba ɗaya, ta kwanta a kansa dare da rana, duk wanda ya matso sai sara, har ta rame.

Na koma kan ilimi. In ka ɓare gindin ƙarfen ƙwan fitila da filaya, ka fasa baƙin gilashin da ke toshe bakin, ka zaro zaren ciki, ka cika shi da ruwa, ya zama madubin ƙara girman abu. Duk wanda ya yi ƙuruciya kafin zuwan wayar hannu ya san irinsa a majigin kwali. Yara suka kalli tururuwa har suka ƙoshi, muka bar shi a kan katanga. Ranar Afrilu ta Yauri ba ta wasa: ruwan ya tattara haskenta wuri guda, daidai kan mayafin da uwargida ta shanya, na zuwa biki. Hujin bai fi girman kwabo ba, na kuma yi mata bayani cewa wannan kimiyya ce tsantsa. Ta ce, "To Malam, kimiyya za ta biya ko kai?"

Babbar dabarar a bakin ruwa take. Ƙwan da bai fashe ba a rufe yake ruf, ba ya nutsewa. Masunta kuwa guntayen silifa da tsoffin jarkoki suke ɗaura wa mamari da koma don su yi yawo a sama. Kawuna Basarke ne, yana su a wajen Wara ta ƙasar Ngaski, mutumin da ke gane tarwaɗa da ƙarfasa daga motsin ruwa kawai. Na ɗora buhu a bayan babur na nufi wurinsa. Kowane rami muka faɗa sai in ji ƙara a bayana, ɗan acaɓa ya waiwayo ya ce, "Alhaji, me ka ɗauko ne?" In ce masa jari. Da muka isa, rabin jarin ya zama gari.

Kawu ya juya ɗaya a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Ɗan nan, boko ne ya kai ka nan?" Amma ya yarda, don kunyar ɗan 'yar'uwa. Muka ɗaɗɗaure su a igiyar mamari, muka sa wa ƙugiyoyi warangi, muka shimfiɗa kusa da gaci da yamma. Wallahi abin ya yi kyau. Rana na faɗuwa, ƙwayaye na walƙiya a jere a kan ruwa, har masu wucewa a kwale-kwale suna rage gudu.

Ba su kaɗai suka gani ba. Yaran ƙauyen, masu yawo da danƙo suna neman kurciya, suka samu abin harbin da ba ya tashi sama. Muna alwalar magariba muka ji tas! tas! tare da shewa. Kafin Kawu ya sa takalmi an gama gasar, mamari ya nutse da ƙugiyoyinsa. Washegari tsohon nan ya yi ta nutso yana lalube, ni ina riƙe da rigarsa a gaci ina nuna masa cewa gilashin bai yi laifi ba, tarbiyya ce ta lalace. Bai amsa ba. Da ya fito sai ya tambaye ni ko motar Yelwa ba ta tashi da safe.

Na dawo na tarar uwargida ta kira mai jari-bola don sauran da na ɓoye a ƙarƙashin gado. Ya ce ba ya sayen gilashi. Sai ta sayar masa da filayar, ta rage kuɗin daga bashin mayafi.