Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Intanet

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da mai mulki, ƙara na kawo. Ke nake ƙara, kuma gabanki na kawo ta, tunda duk faɗin jihar Tawa babu alƙalin da ya san inda zai aika miki sammaci.

Daren jiya kuran ya ɗauke bayan lisha, waya ta mutu. Na ce to, yau ranar karatu ce. Na kunna cocila, na jawo Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda na sayo a Sakkwato tun ina saurayi, lokacin da sai na ga bangon baya nake tashi. Ranki ya daɗe, shafi ɗaya ya gagare ni. Aku bai gama share murya zai ba Musa labari ba, sai ga babban yatsana yana shafar takarda, yana jiran ta hau sama ta kawo wani bidiyo. Takarda fa!

Kuɗin mega da kike lashewa kafin azahar na yafe. Rezo da ke sa dattijo hawa katanga yana ɗaga hannu, shi ma na yafe.

Hankalina nake tambaya. Ina kika kai shi? A zauren malam layi biyu na Ahalari ake biya wa ɗalibi, ya tafi yana tauna su har gobe, da haka ake kaiwa Ishmawi, a kai Risala. Yanzu wa'azin da ya wuce minti uku sai a tura shi gaba, a ce malam ya cika ja. A fada, da can, kafin a sauke shayi na uku an yi gardamar farashin albasar Galmi, an sake lalen kokowar takobi, wani ya kafa hujja wani ya rushe. Je ki duba yau. Samari takwas a tabarma guda, kowa ya sunkuya kamar kaza a kan tsaba, kowa na dariyarsa shi kaɗai, shayi ya ƙone ba wanda ya ji ƙauri.

Ke! Wa ma ya ba ki izinin shigowa? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano tsakanin Birnin Konni da Illelar Sakkwato, Najeriya ta yanke mana wuta. Ke kaɗai kika riƙa ƙetarewa dare da rana, ba duwan ɗin da ya buɗe kayanki. Kuma me kika ɗauko? Saƙon murya na wani da ba a san sunansa ba, yana rantsuwa gobe za a yi yaƙi, a tura wa mutum goma. Aka tura wa ɗari. Ba wanda ya tsaya ya ce daga bakin wa, domin tsayawar ce kika fara sacewa.

Ban ce ba ki da rana ba. Manomi a Malbaza yana jin farashin Yamai kafin ya loda buhu. Wannan kuma ba lasisin ƙwace ba ne.

Buƙatata ɗaya: daga magariba zuwa asuba ki fita gidana. In kin ƙi, ranar kasuwa zan sayar da wannan wayar in sayi ƙarama mai maɓalli, ki nemi wani bawan.

Naki ba don yana so ba,
Wani talaka daga Konni