Mai Gadin Lamba a Kasuwar Belbeji

Tun shekarar 1951, sa'ad da wani shehin malamin hisabi na Amurka, Stephen Kleene, ya ƙago ƙa'idar nan da masu ilmin kwamfuta suke kira rejes, duniya ta sami mai gadi marar karɓar uzuri, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya dubi abin da aka rubuta, ya yanke hukunci ko lamba ce ko kuwa shirme.

To, da za a ɗora shi bisa lissafin kasuwar dabbobi ta Belbeji, lalle da ya ga ta kansa. Akawun da ya yi karatun Faransanci zai rubuta 1 500,50, da fili a tsaka da waƙafi. Baƙon da ya zo daga Kano neman raƙumi ya rubuta 1,500.50, malamin zaure kuwa ya zana ١٥٠٠ da alƙalaminsa, lambar da, a cikin harsunan kwamfuta, mazhabar Python ta halatta a ƙarƙashin alamar rejes ta \d, ta JavaScript kuwa ta ce sam ba ta san zancen ba. Dillali, Allah ya ba shi kasuwa, ya rubuta 200, mai gadi ya sa albarka nan take, alhali shi dala yake nufi, watau jika guda cur, tamma 1000.