Tsohuwa da Sabon Direba

A Maiduguri tsohuwar kwamfuta ba ta mutuwa, sai dai ta suma.

Leƙa shagon mai gyara a wajajen Post Office ka sha kallo. An kawo laftof 'yar gwanjo da ta haura shekara 12, an ɗora mata Windows 10. Da safe lafiya lau. Da azahar fuskarta ta yi baƙi ƙirin. In ta ga dama ta kawo hoto, rubutu ya kumbura, kowane harafi kamar buhun wake a Kasuwar Monday.

Injiniya ya gyara tabarau, ya yi shiru, sannan ya yanke hukunci: "Alhaji, direban hoto ne."

To, a sauko da sabo mana. Nan gizo ke saƙa. Masu katin hoton sun daina yi masa direba tun zamanin Windows 7, ita kuma Microsoft ta sallami Windows 7 tun Janairun 2020. Dole aka shiga Safe Mode, aka cire wanda ke ciki, aka lallaɓa tsohon ya zauna. Hoto ya dawo tas. Alhaji ya biya, har da addu'a.

Cikin dare kwamfuta ta ji ƙamshin intanet. Windows, da yake ba ta son ganin bawan Allah cikin ci baya, ta sabunta direban da kanta. Ba sallama, ba neman izini.

Washegari Alhaji ya dawo. Injiniya ya shafa bayanta, ya girgiza kai, ya ce wannan karon zafin Afrilu ne, a riƙa ajiye ta gaban fanka.

Kuɗin gyara dai ya kusa kamo kuɗin kwamfutar.