Mai Riɗi da Manyan Baƙi a Gwanzu

Akwai wani mutum a Birniwa da sana'arsa sayen riɗi ce. Da kaka ta yi zai bi kasuwannin ƙauye da mudu da buhuna, ya tara, ya loda wa mota zuwa Malam Madori ko Maigatari, in kayan sun yi yawa ya zarce Dawanau a Kano. Mu kira shi Mai Riɗi, tunda haka yaran unguwa ke kiransa. Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne ragin da dillalai ke yi masa. Riɗinmu a ƙasa ake kakkaɓe shi, a sheƙe da iska, sai ya taho da yashi da ƙaiƙayi da 'yan tsakuwoyi. Dillali zai soka hannu a buhu, ya murza, ya yatsine fuska, ya ce a cire kaza. Mai injin tacewa shi ke kwashe ribar, domin tataccen ne ake zubawa a kwantena a kai Sin da Japan da Turkiyya.

Wata shekara kasuwa ta yi masa kyau, sai ya ce shi ma zai je inda ake sayar da injin ya gani da idonsa. Ya haɗa ribarsa da kuɗin bijimai biyu da ya yi kiwo, ya kai wa wani mai shirya tafiye-tafiye a Kano ya nema masa biza da tikiti mafi arha zuwa Guangzhou, birnin da 'yan Kantin Kwari ke kira Gwanzu. Aka sa masa tafiyar a tsakiyar Afrilu, lokacin baje kolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuma a zangonsa na farko ake baje injuna. Kwana biyar kaɗai aljihunsa zai iya ɗauka. Uwargidansa ta ƙulla masa garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji da dabino. Ta so ta ƙara da kilishi, aka ce mata 'yan kwastan ɗin can ba sa barin nama ya shiga.

Ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ya canja jirgi a Adis Ababa, ya ƙara awa goma da wani abu a sama kafin ya sauka a filin jirgin Baiyun. Agogon can ya riga namu da awa bakwai, don haka daren farko idonsa biyu har asuba. A Xiaobei ya sauka, unguwar da Musulmin Afirka da Larabawa ke taruwa, inda ba a shan wahalar samun abincin halal. Masu otal suna ninka kuɗi a lokacin baje koli, sai suka haɗa ɗaki shi da wani ɗan Maraɗi mai sarin kayan waya da wani ɗan Mali. Mai yi masa tafinta wani ɗalibi ne ɗan Haɗeja da ke karatun injiniya a can, ɗan abokin ƙaninsa. Yaron ne ke biya masa komai da WeChat, shi kuma ya mayar masa da tsaba, yana rubuta kowane yuwan a bayan ambulan ɗin tikitinsa.

Wanda ba shi da kuɗin tasi dole ya ga gari. Mai Riɗi a jirgin ƙarƙashin ƙasa yake yawo, inda gajeren zango yuwan biyu ne, sauran kuma ya taka da ƙafa. A birni mai mutum sama da miliyan 18, bai taɓa jiran jirgi har ya nemi wurin zama ba. Ya tambayi yaron yaushe aka fara wannan jirgi, aka ce masa 1997. Ya yi shiru. Layin dogon da ya ratsa Birniwa ya isa Nguru tun 1930, kakansa ma a tashar garin ya yi dakon gyaɗa.

A Pazhou, inda ake baje kolin, ya yi kwana biyu yana zagaya rumfuna har ƙafarsa ta kumbura. Ba ya karɓar takardun talla masu ƙyalli, tambaya uku yake sa yaron ya yi: buhu nawa injin ke tacewa a awa, wace irin wuta yake ci, kuma wane ƙarfe ne ke fara lalacewa a cikinsa. A nan ya gane cewa yawancin masana'antun irin wannan inji suna can arewa, wajen Hebei da Henan, inda kuɗinsa ba za su kai shi ba. Amma wani kamfani yana da sito a bayan gari. Kafin su je, ya tsaya a kasuwa ya sayi riɗi tatacce, ya ɗebi yashi a bakin wani gini, ya murtsuke busasshen ganye, ya cakuɗa su a leda.

"Kawu, me kake yi haka?" in ji yaron.

"Riɗin Birniwa nake haɗa musu, ɗana. In injin ya iya da wannan, ya iya da namu."

Mai sito ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kunna inji. Yashi ya fita gefe, ganye ya bi iska, riɗi ya zubo fes. Suka yi ciniki da kalkuleta, wannan ya danna ya miƙa, wancan ya goge ya danna nasa. Mai Riɗi ya sayi ƙaramin, ba wanda ya yi mafarki ba, ya ƙara da rariya da bel na canji, ya biya kuɗin haɗa shi a kwantenar haɗaka zuwa Legas.

Abin da bai zo dominsa ba kuma shi ya fi tsaya masa a rai. Pazhou a bakin Kogin Lu'ulu'u take, kuma watan Afrilu damina ta soma a can. Da yamma, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, ya ce su taka bakin kogin su huta da kuɗin mota. Ya ga gaɓar an ɗaure ta da dutse da kankare iya ganinsa. Ya ga inda ƙananan magudanai ke shiga kogin an sa ƙofofin ƙarfe da injunan zuƙar ruwa. Ya ga wani ƙaramin jirgin ruwa da mutum biyu suna kwashe ciyayi da shara da raga mai dogon mariƙi, a hankali, kamar masu su.

Duk ɗan ƙasar Haɗeja ya san abin da zai faɗo masa a nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba a wasu rassan kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi irin na Marma. Masunta suka rasa wurin jefa koma, tsuntsayen jan baki suka samu mafaka suna cin gero da shinkafa, in damina ta yi ƙarfi kuma ruwan da ya rasa hanya ya nufi gonaki da gidaje. A 2020 da 2022 samarin Haɗeja sun kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa. Yaron ya ce masa kada ya ɗauka nan aljanna ce, Gwanzu ma ruwa yana cin titunanta. Sai ya ja shi gaban wani allo da ke kafe a bakin magudana, ya karanta masa. Tun ƙarshen 2016 gwamnatin Sin ta shimfiɗa doka a faɗin ƙasar cewa kowane yanki na kogi akwai jami'in da aka ɗora wa alhakinsa, kuma ana rubuta sunansa a irin wannan allo, da lambar da za a kira a kai ƙara.

"Sunansa na gaskiya?"

"Na gaskiya, Kawu."

Mai Riɗi ya miƙa wa yaron wayarsa. Ya tsaya jikin allon aka ɗauke shi, ya tsaya jikin ƙofar ƙarfe aka ɗauke shi, ya nuna jirgin masu kwashe ciyayi da yatsa aka ɗauke shi. Niyyarsa ya nuna wa 'yan majalisarsu a gida, don in ba su gan shi a ciki ba za su ce a intanet ya samo.

Ranar Juma'a suka je masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin Sin ke danganta wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Bayan an sallame, a cikin cunkoson masu sayar da gasasshen nama da gurasa, sai ya ji Hausa raɗau. Ya waiga ya ga manyan riguna sun sha aiki, huluna sun sha kari, turare na tashi. Mutum goma sha ɗaya ne. Ya durƙusa ya gaishe su, suka amsa da fara'a, domin a baƙon wuri kowa ɗan'uwa ne. Tawaga ce daga wata jiha, an turo su kwana goma su nazarci yadda ake shawo kan ambaliya da noman rani. Kada kowa ya tambaye ni wace jiha. Jihohin da ruwa ke ci a ƙasar nan suna da yawa, kuma duk suna da manyan riguna.

Daɗi ya kama Mai Riɗi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Jiya na ga wani abu a bakin kogi, in kun yarda yanzu yaron nan ya kai mu, jirgi ɗaya ne."

Shugaban tawaga ya dafa kafaɗarsa. "Madalla, Alhaji, wannan yana cikin jadawalinmu. Amma tunda kai ɗan kasuwa ne, ina ake samun tayil mai kyau? An ce mana Foshan."

Wani ya tambayi inda ake sayar da fitilun falo masu reto. Wani yana aurar da 'ya, gadaje da kujeru yake nema. Wani ya ce an ba shi saƙon wayoyi, ko gaskiya ne jirgi mai gudu yana kai mutum Shenzhen cikin kamar rabin awa? Mai Riɗi ya nemi sanin wane ne injiniyan ruwa a cikinsu, don ya nuna masa hotunan. Sakataren tawaga ya ja shi gefe ya ce da sunan injiniyan a takarda, amma kujeru sun yi kaɗan, sai aka ba surukin Yallaɓai.

A gaskiya sun je bakin kogin, kada a yi musu ƙarya. Da magariba suka ɗauki yaron a motar da aka yi musu haya, Mai Riɗi ya samu gurbi a baya, suka nufi hasumiyar Kanton, mai tsawon mita 600, da aka buɗe a 2010. Fitilunta na sauya launi. Suka tsallaka inda za ta fito sosai, suka jeru, suka buɗe ƙyallen da aka rubuta sunan ziyarar, aka ɗauke su. Kogin yana bayansu, babu wanda ya waiga. Wani allo irin wancan mai sunan jami'i yana kusa da inda direba ya tsaya, wani daga cikinsu ya rataya ledar sayayyarsa a jiki yana gyara hula.

Daren da zai taho, sakatare ya zo har Xiaobei, ya toshe hanci a matattakala, ya ce Yallaɓai na neman alfarma. Kayansu sun fi ƙarfin nauyin da jirgi ya yarda, shi kuwa an ga jakarsa ɗaya. Mai Riɗi ya dubi akwatin, ya dubi rariyoyinsa. Babba ya roƙa, ya za a yi? Ya cusa bel ɗin inji a cikin rigunansa, ya rungumo akwatin fitilun falo tun daga Baiyun har Kano. Da ya kai gidan, maigadi ya karɓa ta ƙaramar ƙofa ya ce Hajiya ta gode.

Injin ya iso bayan wata uku da 'yan kwanaki, bayan kuɗin fito a Legas ya kusa cinye abin da ya rage. Sai ga wata matsala: wutar da injin ke so ba irin ta gida ba ce, mai layi uku ce, kuma ko ta gidan ba kullum ake ganinta ba. Ya sha dariya a majalisa. Wani makanike a Haɗeja ya haɗa masa shi da injin dizal irin na masu niƙa, ya yi ta tari kwana biyu, sannan ya kama. Kakar da ta biyo, dillalin Dawanau ya soka hannu a buhu, ya murza, ya sake murzawa, ya rasa abin cewa. Manoman da ke kusa suka fara kawo nasu ana tace musu a biya kan buhu.

A tsakanin nan damina ta yi abin da ta saba. Wata safiya yana sauraren rediyo ya ji an ce tawagar da ta je ƙasar Sin ta dawo da ɗimbin ilimi, kuma ta ba da shawarar a sake tura wata tawaga domin zurfafa nazari. Ba a yi sati ba wayarsa ta yi ƙara. Sakatare ne, da gaisuwa mai tsawo, ya iyali, ya kasuwa, ya aka ji da ruwa. Ya ce ana haɗa rahoton da za a miƙa wa Maigirma, an duba wayoyin kowa ba a samu hoton aikin ruwa ko ɗaya ba, sai aka tuna Alhaji ya ce ya ɗauki wasu. Mai Riɗi ya ce ba komai, ya sa ɗansa ya tura su duka ta WhatsApp: allo, ƙofar ƙarfe, jirgin masu kwashe ciyayi.

Can bayan la'asar wayar ta sake ƙara.

"Alhaji, mun gani, Allah ya saka da alheri, hotuna sun yi kyau ƙwarai. Sai dai ko kana da waɗanda ba ka fito a ciki ba?"