Binciken Kafili a Kasuwar Tanut

Tsarin kafala, wato ƙa'idar da ke ɗaure bizar baƙo da sunan wanda ya ɗauke shi aiki, shi ne ƙofar da mai neman aiki a Saudiyya yake bi, domin kafili ne ke nemo bizar, shi ne kuma ke fitar masa da igama, katin zaman da ɗan sanda yake fara tambaya. Gyaran da aka yi wa tsarin a watan Maris na 2021 ya sassauta sauya wurin aiki, amma bai shafi 'yan aikin gida da makiyaya ba, alhali irin ayyukan da aka fi yi wa 'yan Damargu tayi ke nan. Matasan yankin kuwa sun fi sabawa da tafiya bida zuwa Kano, ko Libiya ta Agadas, inda jarin matafiyi bai wuce kuɗin mota da garin ƙuli ba.

Saboda haka ya dace a yaba wa wani saurayin Falanko wanda, bayan ya sayar da raguna biyu ya damƙa wa wani dillali kafin alƙalami, ya ƙudura sai ya tabbatar cewa kamfanin da zai ba shi kiwon raƙuma a Riyad yana nan da gaske. Aibin binciken ɗaya ne, ya zo bayan biyan kuɗi. Ya fara da malami, wanda ya ga alheri a tafiyar, sannan ya tambayi direban tasha, wanda ya rantse ya san kamfanin ko da yake iyakar tafiyarsa Damagaram. Ranar kasuwar Tanut ya sayi kati, ya laɓe bayan rumfar mai shayi, ya buga lambar da ke jikin takardar da dillalin ya ba shi. Wata murya ta amsa da sallama cikin Larabci mai kauri, sai dai jakin da ke kuka a Riyad shi ne dai wanda ke kuka kusa da masu awon hatsi, numfashi bai saɓa ba, kuma da ya leƙa sai ga dillalin tsugune da waya a kunne.

Dillalin, ko gezau, ya bayyana cewa kamfanin ya buɗe reshe a Tanut, shi ne kuma shugabansa. Dattawa sun zauna kan maganar har la'asar, aka mayar wa saurayin kuɗin rago ɗaya, na biyun aka ce sai kaka, yaran gari kuma suka laƙaba masa Alhajin Riyad.